Ban Kira Sunanta Ba a Ƙofar Kware

Ranar Lahadi ce. Da asuba na hura wuta na ɗora ruwan kunu. Gidanmu yana Ƙofar Kware, gidan malamai ne, surukina ne limamin unguwa. Mijina ya kwana biyu a bayan ganuwa tare da sauran maza, suna jiran Nasara. Da mashin aro ya fita, mutumin da ban taɓa ganin ya riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba. Manya sun ce ba mai cin Sakkwato, mu kuma muka yarda.

'Ya'yana uku. Biyu suna ɗakina. Ta farin tana ɗakin Inna, uwar mijina, tun da aka yaye ta. Shekararta takwas. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata magana a gaban mutane, ko tuwo sai in miƙa wa wani ya ba ta. Ga shi sunan Inna aka sa mata, kunyar ta zama biyu. Matan unguwa har yabona suke yi a kan haka, ni kuma ina jin daɗi.

Rana ta ɗan ɗaga, igwa ta tashi daga kudu. Sau ɗaya, sau biyu. Kaji suka watse. Sai wata ƙara da ban taɓa ji ba, ba ta tsayawa, kamar ana zuba tsakuwa a ƙwarya. Bindiga mai ruwa ce. Yaƙin da aka yi wata ana shiri bai wuce hantsi ba.

Wani mutum ya shigo lungunmu a guje, rigarsa duk jini.

"Ku hito! An ci gari! Ku yi arewa!"

Surukina ya ɗora littattafansa a jaki. Na goya ƙaramin, na riƙe na tsakiyan. Inna ta kama hannun 'yar farin. Wutar murhu ma ban kashe ba.

Ƙofar gari ta yi mana kaɗan. Mata, tsofaffi, awaki, kowa yana turawa. Mahayan da suka gudo daga fagen fama suka afka cikinmu, ba su ko ja linzami ba. Ɗazu su ne za su tsare mu, yanzu su ke take mu. Inna ta faɗi. Hannun yarinyar ya suɓuce.

A wajen ƙofa jama'a ta rabu biyu, wasu suka yi gabas, wasu suka nufi gulbi. Na hango yarinyar. Tsakaninmu bai fi taku goma ba. Masu gabas sun tafi da ita, tana ta waige tana neman Inna. Inna tana ƙasa, ta riƙe mini zane.

"Kira ɗiyakki! Kira ta!"

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Ke! Ke!" Shekara takwas ina koya wa harshena tsallake sunan nan, ranar ya tsallake. Ba ta juyo ba. Doki ya gitta, sannan wani. Da na samu na ƙwala sunan, babu ita a wurin.

Da azahar muka kai Kwalkwalawa. Rani ne, ruwa iya gwiwa, muka ƙetare. Masunta suka ba mu ruwa da gumba. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya har la'asar, ina faɗin sunanta da launin zanenta. Kunyar ta tafi, a lokacin da ba ta da sauran amfani ga kowa.

Mun yi kwanaki a rumfar wani manomi, sai aka ce mu koma, manya sun daidaita da Nasara. Da sauri haka. Su sun koma gidajensu da rawunansu. Mijina an tsince shi a gindin giginya, mashin aron yana hannunsa. Sojojin da suka harbe shi Hausa suke ji, a rijiyarmu suka sha ruwa.

Daga baya surukina ya ji a wurin fatake cewa rige-rige Nasaran nan suke yi da Faransa, wai tun a can ƙasarsu suka raba ƙasarmu a takarda kafin su taka ta. Me muka ci musu? Yarinyar nan ko sunan garinsu ba ta taɓa ji ba. Ban yafe musu ba. Ban yafe wa mahayan nan ba. Matan da suka yabe ni ma na daina gaishe su.

Masu gabas an ce sun bi Sarkin Musulmi hijira. Wasu sun mutu a hanya, wasu an kama su, wasu sun yi nisa. Duk alhajin da ya dawo ta ƙasa sai na aika an tambaye shi.

Mu shida muka fita ta ƙofar nan, mu biyar muka dawo. Inna ba ta kai damina ba. Na san kabarinta, na san na mijina. Balkisu ban sani ba. In tana raye, bana shekararta ashirin da takwas, kuma ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba.