Wuƙar Kaka da Na Dirje da Toka

Duk gidanmu sun ɗauka sayar da wuƙar marigayi kakanmu ya kai ni Marwa. Ba haka ba ne. Gaskiya akwai wani mai tara kayan tarihi, mutumin Yawunde, da ya ga hotonta a wayar yayana ya ishe mu da kira. Amma ni ɓarna na yi. Ƙotar wuƙar ta tagulla ce, an dasa zaren azurfa a cikin zanenta, duk ta yi baƙi. Ranar Talata na ce bari in burge kakata Hajja, na sa toka da lemun tsami na dirje ta. Ta yi fes, zanen ya dushe, zaren azurfar ya ɗago. Hajja kuwa kowace Juma'a sai ta ciro ta daga adaka ta riƙe, don ita kaɗai ta rage mata daga mijinta. Kwana biyu gare ni.

Laraba: Garwa zuwa Marwa

Biyar saura kwata na hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa ajans, tashar motarmu, mota ba ta tashi ba sai shida da rabi. A shingen Figil jandarma ya zazzage jakata.

"Madmazel, wannan fa?"

"Ta kakana ce. Asibiti zan kai ta."

Ya zare ta daga kube, ya duba ƙotar. "Wa ya yi mata wannan aika-aikar?"

"Ni."

"To hukuncinki ya ishe ki. Wuce."

Kilomita ɗari biyu da ɗoriya, muka shiga Marwa sha ɗaya da rabi. Na sauka gidan Gwaggo Asabe, ta cika ni da tuwon dawa da miyar yakuwa, ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya saka mata. A kasuwar masu aikin hannu wani ya ce zai cire ƙotar ya sa sabuwa. Na fizge kayata. Wani dattijon baduku da ke ɗinkin kube a gefe ya kira ni: "'Yata, je ki Bogo, ki tambayi maƙerar Baba Hamadu. Kada ki bari kowa ya sa mata wuta."

Alhamis: Bogo

Bakwai muka tashi, takwas da kwata muka isa, hanyar cike da shanu don ranar kasuwa ce. Na tarar da Baba Hamadu a rumfarsa, tsoho ne tukuf. Na miƙa masa wuƙar.

"Juya ta. Ba a miƙa wa mutum tsini."

Na juya. Ya daɗe yana shafa ƙotar da babban yatsa.

"Toka?"

"Da lemun tsami, Baba."

"Kai! Har da lemun tsami. Jikata, baƙin nan ba dauɗa ba ne. Shi ke fito da zane, shi masu tara irin waɗannan ke bi gari-gari suna nema."

Ya ɗauki wata 'yar guduma da ba ta wuce yatsa ba, ya shiga mayar da zaren cikin gurbinsa, kaɗan-kaɗan. Awa uku cur. Sau biyu ina tambaya ko an kusa. A na biyun ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ranar da kika dirje ta ma sauri kike yi."

Da ya gama ya kwaɓa kunkunniya da man gyaɗa, ya cusa cikin zanen, ya goge saman da tsumma. Sai ga zanen ya dawo.

"Wannan baƙin aro ne," in ji shi. "Na gaskiyar hannu ke kawo shi. A riƙa riƙe ta."

Na ce useko, wato na gode, ya yi dariyar Fillancina. Ƙarfe ɗaya na kama hanya, bayan magariba ina Garwa, na lallaɓa na mayar da wuƙar adaka, alhamdu lillahi.

Juma'a: gida

Da hantsi Hajja ta buɗe adaka. Ban jira ba, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta juya wuƙar a hannu.

"Tun Talata na ji warin lemun tsami a kuben," ta ce. "So nake in ga ko ɓoyewa za ki yi ko gyarawa."

Na gode wa Gwaggo, da badukun da ban ko tambayi sunansa ba, da Baba Hamadu. Mutumin Yawunde ya sake kira da yamma, na karɓi wayar daga hannun yayana na ce masa ba ta sayarwa ba ce. Daga yau duk Juma'a, idan Hajja ta gama riƙonta, ni zan karɓa in riƙe, har baƙin da na wanke ya dawo.