Kusurwar da Inna Ta Hana a Tona

Shekarun baya, lokacin da gubar dalma take ɗauke mana yara a ƙauyenmu na ƙasar Anka, na yi wata dabara da har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai ina dariya. Labarin ya daɗe a bakina, sai yanzu da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata nake iya rubuta shi.

Mu ma mun daka dutsen zinari a tsakar gida kamar kowa, ba mu san akwai dalma a cikinsa ba. Ɗana na fari ya rasu. Aka gwada jinin ƙanwarsa, aka ce gubar ta yi yawa. Likitoci suka ce akwai magani, amma ba za a fara ba sai an kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa, domin in ta koma wasa cikin tsohuwar, an yi aikin banza.

Masu kwashe ƙasa suka zo. Shugabansu wani mutumin Gummi ne mai sanyin magana, da littafin ƙa'ida a aljihu da na'urar awon guba a hannu. Aka kankare ko'ina, saura kusurwar bayan ɗakin mahaifiyata. Nan ake binne mabiyiya da cibiyar duk jaririn da aka haifa a gidan, har da na yaron da na rasa. Mahaifiyata ta shimfiɗa tabarma a wurin ta zauna.

"Ba mai sa shebur nan," in ji ta. "Yaro ya tahi, abin da yar rage min shi na ƙasag ga."

"Inna, ita mai ran hwa?"

"Kai ma taka cibiyar tana nan. Tashi ka ba ni wuri."

Washegari da sassafe na kora jaki rafi, na ɗebo yashi mai kyau na baje a kusurwar, har da shara da tsintsiya. Ina ganin na gama da kowa. Mutumin Gummi ya zo, ya dubi yashin, ya dube ni, ya sa takalmi ya ture shi gefe, sannan ya ɗora na'urarsa.

"Malam, na'ura kaka son ruɗi ko ɗiyarka? Kaza guda ta isa ta tone wanga aiki naka kahin azahar."

Na roƙe shi ya rubuta an gama, tunda wurin bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Ya ce ba zai rubuta ba. Raina ya ɓaci, na ɗauka shi ke nan, yarinyar za ta bi yayanta.

Sai na ga ya cire takalmi ya tsuguna gaban mahaifiyata. Ya tambaye ta su wa ke wurin, ta lissafa masa mu ɗaya bayan ɗaya, bai katse ta ba. Da ta gama ya ce, "Inna, littahin ga abu guda yaka nema: kada hannun yarinya shi taɓa ƙasag ga. Wannan ba ni da ikon taɓa shi. Amma bari in tambaya ko dole sai da shebur."

Ya hau tudun da waya ke kamawa ya kira manyansa. Ya dawo ya ce an yarda a rufe wurin da siminti mai kauri, a kankare kewayensa, a sake awo.

"Simintin ba ya tono?" in ji mahaifiyata.

"Ruhewa yaka yi, Inna."

"To ni ka zuba kwanon hwarko."

Ita ta zuba kuwa. Da ya bushe aka auna, mutumin Gummi ya sa hannu a takarda, aka fara ba yarinyar magani.

Na sha juya abin a raina. Da ya ji tausayina ya rubuta ƙarya, da na mayar da ɗiyata cikin guba da hannuna. Da kuma ya kafe kan shebur, na san mahaifiyata, da tana nan kan tabarmar har yau. Ya san abin da ba a taɓawa a aikinsa, ya kuma san inda za a iya sassautawa. Ni da na ga duka ɗaya ne, yashi na ɗebo.

Yarinyar ta girma, alhamdulillahi. Jiya ma a kan simintin nan na same ta tana shanya kuɓewa, na daɗe a tsaye ina kallonta, har ta ce, "Baba, lahiya?" Na ce lafiya lau.