Ɗakin da Malam Bukar Ya Hana a Share

Ina tsakiyar duba takardun jarrabawa Hajiya Falmata, matar Malam Bukar, ta kira ni. "Malaminki ya cika," ta ce. "Ki zo maza, za su share ɗakin." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam ya ƙare rayuwarsa ta jami'a yana nazarin halayyar ƙwari da gizo-gizo: yadda suke farauta, da inda suke zaɓa su yi saƙa. Ɗalibarsa ce ni, daga baya muka koyar tare. Ranar da na fara binsa gonakin gero na Udubo, na kai kwalba zan kife wani gizo-gizo, sai ya ce, "Ke 'yar nan, ba kamu muka zo ba. Zauna ki ga abin da yake yi." Muka zauna har la'asar. Layi uku ya rubuta.

Manoma sun san darajarsa. Yakan ce musu, "Wanda ya fesa wa gizo-gizo magani, mai gadin gonarsa ya kashe." A sashenmu na jami'a kuwa "mai kiwon yanar gizo" suke kiransa. Sau biyu kwamitin ƙarin girma ya dawo masa da takardunsa, wai bincikensa bai amfani kowa ba. Su ne suka cika rumfar makoki suna cewa an yi rashin masani. Na ji su, na yi shiru saboda darajar mamaci. Yau na faɗa.

A bayan gidansa na Azare akwai ɗakin da yake bin zuriyar gizo-gizo, iyaye da jikoki, yana rubutawa kullum. Da na isa ranar da Hajiya ta kira ni, na tarar da mata riƙe da tsintsiya da maganin ƙwari na fiya-fiya, za su gyara wa masu ta'aziyya daga Borno masauki. Hajiya ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ta zauna.

"Haba Hajiya, ai ƙazanta ce," in ji wata maƙwabciya.

"Ni da na aure shi ban taɓa sa tsintsiya a nan ba. Ba ku za ku fara ba."

Ta miƙo min makulli da littafinsa. Layin ƙarshe ya ce, "Gobe a duba ƙwan da ke kusurwar taga." Na duba, sun ƙyanƙyashe. Na rubuta hakan a ƙarƙashin rubutunsa.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa ilminsa ya bi shi. Allah ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri, ya ba ni ikon cika littafin nan.