Baba Leɓe da Bakin Ƙaho

Kullum da hantsi, kafin kowa ya iso, Baba Leɓe ya riga ya buɗe ɗakin 'yan badujala da ke bayan makarantar koyon sana'a. Zai jera ƙahoni a kan benci, ya ɗiga wa kowanne mai, ya goge su da tsohuwar singileti har sai ya ga fuskarsa a jiki. A ɗakin nan ya yi furfura, kuma a watan nan ya ajiye aiki.

Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don duk wanda ya zo da zumuɗin busa, Baba ba ya ba shi ƙaho. Ɗan bakin ƙarfen da ake ɗora leɓe a kai kawai yake cirewa daga jikin ƙahon ya damƙa masa, ya ce ya je ya yi ta hurawa sai leɓe ya yi ƙwari. Masu gajen haƙuri sun sha yin zuciya su tafi. Waɗanda suka daure, yau su ke jan fareti.

Ni a gidanmu na ga aikinsa. Yayana kafinta ne, injin yanka katako ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Ciwo ya warke, mutum bai warke ba. Ya kulle kansa a ɗaki, hannu cikin aljihu, ko 'ya'yansa ba ya yarda su gani. Tsoronmu kada mu rasa shi yana raye.

Baba ya zo dubiya, bai ja dogon zance ba, ya ajiye bakin ƙaho a kan katifa ya tafi. Ana nan sai muka fara jin wata ƙara daga ɗakin, kamar tunkiya mai mura. Matar Yaya ta ce ita kam ta gode Allah, gara wannan da shirun. Ranar da Yaya ya taka har wurin Baba, ya zaro hannun ya tambaya da me zai danna maɓallan ƙaho. Baba ya ɗauko dogon ƙahon nan da ake ja ana turawa.

"Wannan ba ruwansa da maɓalli, ɗana. Biyun da suka rage sun ishe ka."

A faretin ban kwana da aka yi wa Baba, shi da kansa ya tsayar da Yaya a layin gaba, gefen dama, inda jama'a suka fi cika. Yaya ya ɗaga ƙaho, hannun nan a fili, rana na haska shi, ya busa har filin ya amsa. 'Yarsa ta riƙa jan rigar mutane tana cewa babanta ne. Na yi kuka, ban kuwa ɓoye ba.

Baba, kai ne mai haƙurin jin busar ɗan koyo ba ka toshe kunne ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu sana'a a hannu, ku duba maƙwabta, akwai wanda ya rufe ƙofa. Ku je ku ajiye masa wani abu a kan katifa.