Abin da Likita Ta Faɗa wa Yayana a Bayan Ƙofa

Assalamu alaikum. Ina neman afuwar duk wanda wannan dogon rubutu zai ci wa lokaci. Kusan shekara guda ban ce komai a wannan dandali ba, har wasu sun ɗauka girman kai ne. Ba haka ba ne. Yatsuna ne suka ƙi.

Sana'ata buga takardu ce a nan Kontagora. Abin ya fara ne da sandarewar yatsu da safe, ba sa sakewa sai hantsi. Daga baya wuyan hannu ya kumbura, gwiwa ta bi, har ta kai maiɗakina ce ke ɓalle mini maɓallin riga. Na sha haɗin kemis wata biyu. Zafi ya lafa, fuska ta kumbura.

Aka tura ni wani asibitin koyarwa, wajen likitar gaɓoɓi. Yayana Isa, mai noman doya a Mashegu, shi ya raka ni, domin tun rasuwar mahaifinmu shi ne babba. Likita ta matsa gaɓoɓina ɗaya bayan ɗaya, ta ce amosanin gaɓoɓi ne, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Maganinsa yana rage ƙarfin garkuwar, saboda haka sai an duba hanta da ƙirji tukuna. Aka duba, aka ce lafiya. Kuɗin gwajin kaɗai ya cinye cinikina na wata.

Ranar da za ta rubuta maganin, ta ɗauki biro, sai ta ajiye. Ta ce, "Alhaji, ina son magana da kai a waje."

Ba ni take nufi ba. Yaya take nufi.

Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san ma'anar wannan kira. Haka aka yi wa mahaifinmu. Aka ja Yaya gefe, mu muka sani, shi mahaifin namu bai sani ba, har ya koma ga Allah yana cewa gyambon ciki ne. Ni da bakina na rantse masa cewa gyambon ciki ne.

Da suka dawo, ta ɗaga fara maganin da mako biyu, ta ƙara mini gwajin kaki da wani hoton ƙirji. Na tambayi dalili. Ta ce, "Ina so in tabbatar ne, Malam." A mota Yaya ya zauna bakin taga ya juya mini ƙeya har Kontagora.

Daga nan ya daina zuwa. Mutumin da duk Juma'a muke cin tuwo a kwano ɗaya ya koma aiko da doya da gaisuwa.

Aka fara ba ni maganin, ƙwayoyi sau ɗaya a mako, ranar Litinin. Ni kuwa ban taɓa haɗiye magani ban karanta takardar cikin kwalinsa ba. Yawancin abin da na sani game da lafiya a irin waɗannan takardu na koya, ina da su cike da fayil. Na warware ta wannan maganin, na sa tabarau. Abu na farko da idona ya faɗa a kai: ana ba masu ciwon daji.

Na tsare maiɗakina da tambaya. Ta ce, "Wallahi, Malam, ba wanda ya faɗa mini komai. Kai dai da karance-karancenka!" Rantsuwar ba ta gamsar da ni ba. Na san yadda ake yin irinta.

Sai na daina shan maganin, ban gaya wa kowa ba. Na ce ba zan sha maganin cutar da aka ɓoye mini sunanta ba. Litinin huɗu suka wuce. Kofin shayi ya gagare ni ɗauka.

Na hau mashin zuwa Mashegu, kowane rami ina jin sa a gwiwa. Na tarar da Yaya a gindin mangwaro, ya rame. Ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Kada ka matso."

"Yaya, wata nawa likita ta ce ya rage mini?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kai dai sakarai ne mai tabarau. Tarina ta ji! Sau uku na yi tari a ofishinta, ta ja ni waje ta ce tun yaushe. Aka gwada, tarin fuka ne. Ta ce in na ci gaba da raɓarka kana shan maganin nan, ni zan kai ka kabari."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"In faɗa maka, ka faɗa wa matarka, gobe a ware mini buta a masallaci?"

Na koma wajen likita na amsa laifina. Ta ce ƙwayar ɗaya ce, amma abin da ake ba mai daji ya ninka nawa nesa ba kusa ba. Ta ƙara da cewa, "Sirrin yayanka ba nawa ba ne da zan ba ka. Naka kuwa, kai zan fara faɗa wa." Ta sake duba ƙirjina kafin ta mayar da ni kan magani. Duk da haka na roƙe ta ta rubuta sunan cutar ta sa hannu. Takardar tana cikin fayil.

Alhamdulillahi, da yatsuna na buga wannan. Yaya ya kammala maganinsa, da izininsa na ambaci ciwonsa. Na gode wa likitar, na gode wa maiɗakina da na zarga ba da hakkinta ba.

Mai shan irin wannan magani, kada ya daina da ra'ayin kansa, kada ya mayar da na mako ya zama na kullum. Zazzaɓi kaɗan, a tafi asibiti. Mai tari kuma ya yi dubiya ta waya, ladan ba ya raguwa.

Roƙona biyu ne:

1. Wanda ya daɗe yana shan wannan ƙwaya don gaɓoɓi, ya rubuto mini shekara nawa, da yadda gwajin hantarsa ke fitowa.

2. Idan akwai wani kuma da aka ja gefe a kaina ban sani ba, ya faɗa mini. Na yafe tun kafin in ji, domin ni ma na taɓa yi.

Ina jiran amsa a rubuce.