Aikinka Ruwa

Har yau ban manta da ranar da shanun Arɗo Buba suka sha ruwan bayan sitonmu ba. Zamanin Turawa ne, ina akawu a wani kamfanin sayen fata da ƙirgi a Potiskum.

Ga yadda ake aikin. In an sayi fata, sai a tsoma ta a kwatarnin ruwan magani don kada ƙwari su ci ta. Maganin nan guba ne. In ruwan ya tsufa, a rami mai zurfi ake zuba shi a binne. Tsohon da ke yin wannan ya rasu, manajanmu, wani Bature, ya ɗauki Baba Gimba, wani Bangizime daga Danchuwa. A gabana Baturen ya ce masa da guntuwar Hausarsa, "Aikinka ruwa." Shi ke nan bayanin. A kamfanin nan ba mai aiki a rubuce, kowa da abin da kunnensa ya tsinta.

Baba Gimba ya ɗauka ɗebo ruwa ake nufi, kuma ya yi ta ɗebowa ba wasa. Da kwatarni ya yi wari, leburori suka juye shi a kwatar bayan sito. Ruwan ya gangara ya kwanta a kan burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa kasuwa.

Da hantsi muka ji kukan shanu. Na iske su kwance suna kumfa, Arɗo yana tsugune ya riƙe kan wata saniya. Ko kallonmu bai yi ba. Abin ya ƙona mini rai.

Manaja ya kira Baba Gimba. "Ban ce aikinka ruwa ba?"

"Ka ce, ranka ya daɗe. Na kawo. Na zubarwa ba a faɗa mini ba."

Da maganar shanun ta kai gaban alƙali, na ba da shaida cewa ba a yi wa Baba Gimba bayani ba, amma bakin akawu bai kai na Bature ba. Aka ɗaure Baba Gimba. Fulani kuwa suka yi wa kamfanin yaji, ko fatar akuya ba mu ƙara gani daga hannunsu ba.

Sai a lokacin manaja ya ce in rubuta aikin kowa, a karanta masa da harshensa. Ku da kuke ɗaukar ma'aikata yanzu, ku rubuta tun kafin ɓarna. Aikin ruwa kaɗai ya cika mini shafi guda, wanda ya kamata a karanta wa kuwa yana gidan yari.