Saiwar Airis a Cikin Firij

A ƙauyenmu na bakin fadamar Haɗeja, in an gama cin tuwo, Iya kakata takan tura gyaɗa cikin tokar murhu ta ce, "Ku matso, ga ta nan tafe, ba ta son nesa." Ni ce mai katse ta da tambaya, shi ya sa take kirana Uwar Tono.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mini ita ce ta gaiwa da balbela. Aminan juna ne. Rani ya yi, ruwa ya janye, gaiwa ta shige cikin laka ta yi shiru. Balbela ta yi ta kira, ba amsa. Hankalinta ya tashi, ta sa baki ta dinga tono har ta fito da ƙawarta, rana kuwa ta busar da ita.

"Iya, ai taimakonta ta yi!"

"Taimako ne mana. Shi ya kashe ta. Miƙo min gyaɗar nan."

Yanzu aikin nas nake a Dubai. Bara na ɗauko 'yata Hanifa daga Kano, yarinya mai surutu kamar rediyo. Tana shigowa gidanmu na unguwar Bur Dubai ta ɗauke wuta. Na tsorata ƙwarai. Safe da yamma ina kanta: me ke damunki, wa ya taɓa ki? Sai dai ta ja ƙofa.

A lokacin ne wata abokiyar aikina ta ba ni tukunyar furen airis na Japan, mai son inuwa da ƙasa mai laima. Ganyen ya bushe, na zazzage tukunyar in ga ko saiwar ta mutu.

"Khalas, ya isa, daina taɓa shi," in ji ta da na ba ta labari. "Barci yake. Sanyi yake so, nan kuwa babu. Sa shi a firij, ki manta da shi."

Na naɗe saiwar, mai kama da citta, na tura ƙasan firij. Ina rufe ƙofar na tuna da balbela. Daga ranar na ƙyale Hanifa. Sai in ajiye mata shayi, in zauna kusa, in kama bakina. Wallahi na sha wuya.

Bayan watanni na mayar da saiwar tukunya a baranda, kore ya leƙo. Fure kam har yau babu. Wata safiya Hanifa na tsugune tana ba shi ruwa, ba ta ko waigo ba ta ce, "Umma, ba ni da ƙawa ko ɗaya a garin nan."

Tambayoyi suka cika mini baki. Na haɗiye su, na tsuguna kusa da ita na ce, "Ina jinki."